Rumbun da na nuna wa yara a wajen Hamdara

Ana sallame sallar asuba muka bar Zinder, mu uku a wata tsohuwar mota: ni, da direba, da wani abokin aikina, mushen lakwal, wato malamin makaranta, wanda ba ya taka ƙofar gari sai da butar shayinsa. Tun da na ajiye alli nake zagaya makarantun ƙauye ina koya wa yara 'yan shekara goma zuwa sha biyar yadda za su tsare kansu a salula. Masu cewa me ya haɗa ɗan ƙauye da intanet, ku zo ku gani da idonku. Damina ta ƙi, maza sun watse cin rani, kowa ya bar wa gida waya don a riƙa jin muryarsa. Wanda ya iya karatu a gidan shi ke riƙe ta, kuma galibi yaro ne ko yarinya.

Gudron, wato kwalta, ba laifi har Mirya, in ka cire ramukan da direba ya san su ɗaya bayan ɗaya, yana zaginsu tun kafin mu iso. Gonaki kuwa fayau, ko karan bara babu, an kwashe wa dabbobi. A Mirya muka tsaya ƙarƙashin wata tsamiya muka karya da ƙosai, ƙanana ƙwarai, har abokin aikina ya tambayi mai tuya ko maganin likita take sayarwa. Ta yi dariya ta ce ya je ya tambayi kuɗin wake tukuna. Na leƙa wajen masu awo. Tiyar hatsi ta kusa ninka kuɗinta na bara, akuya kuma ta faɗi warwas, kowa na sayarwa babu mai saye. Na ga mata da ƙwaryar dilo, 'ya'yan anza ɗin nan masu ɗaci da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin su ciwu. Rabona da ganinsa a kasuwa tun ina budurwa.

Kafin Hamdara muka sauka daga gudron muka shiga yashi. Sau biyu motar tana kafewa, sau biyu ina fitowa da zanena ina turi, mushe yana ba da umurni daga inuwa. Hantsi ya dubi ludayi muka isa ƙauyen. Ba zan faɗi sunansa ba, za ku ga dalili.

Daraktan makarantar ya tara mana yara kamar arba'in a aji ɗaya na zana. Na faɗi abin da na saba faɗi: kada ku ba kowa lambar sirri, kada ku aika hoto ga wanda ba ku sani ba, duk baƙon da ya ce kada ku gaya wa kowa, to shi za ku fara kai ƙara. Sannan na ciro salulata don in nuna misali, wani bidiyo da aka turo mini watanni biyu da suka wuce. Ba a ganin fuska a ciki. Hannun yarinya ne ke ɗaga jinkar rumbu, waya ta leƙa, babu komai sai ƙaiƙayi da kashin ɓera. Muryarta na cewa, "Wannan rumbun kakana ne, Malam Isuhu, babu ko zangarniya ɗaya." Wani ya ɗora kiɗan tausayi a kai, ya rubuta lambarsa a ƙasa don a aiko da sadaka.

Makaranta biyar na nuna shi, ina jin daɗin yadda yake shiga kunnen yara. Na ɗaga wayar sama na ce da bakin nan nawa da ba ya jira, "Kun ga rashin wayo ko? Ta tona asirin gidansu a banza."

A sauran wurare dariya ake yi. A nan kuwa kawuna suka juya baya gaba ɗaya. Wata yarinya siririya mai koɗaɗɗen hijabi ta miƙe, ta ɗauki allonta, ta fita a hankali.

Darakta ya jawo ni waje, fuskarsa ba daɗi. Ya ce, "Madam, ita ce. Sunanta Rakiya, shekararta sha biyu." Ya ba ni labari a tsaye cikin rana. Wani ne ya saki murya a wayoyi cewa ana rubuta sunayen masu samun taimakon hatsi, amma sai an aiko da shaidar rumbu babu komai. A nan kuwa rumbu na maigida ne, mace ba ta leƙawa, balle yaro. Tsohon ya bar nasa a rufe, yana share gindinsa kowace safiya, yana zuwa kasuwa mai nisa ya sayar da akuya ya auno hatsi a ɓoye. Rakiya ce mai daka, ta ga awo na raguwa, ta gane. Ta hau ta ɗauka don a taimaki kakanta. Hatsi bai zo ba. Bidiyon ne ya zaga har ya iske ubanta a Libiya, ya dawo ƙauyen ta wayoyin maƙwabta. Yara suka laƙaba mata "Babu Zangarniya", ta bar lakwal mako shida. Darakta ya yi ta sintiri gidansu, da ƙyar ta dawo, kwana uku kafin zuwana. Ita ce ta ɗaya a ajin.

Na ce a kai ni gidan.

Malam Isuhu na zaune a zaure kan buzu, dogo, ƙashi da fata, rigarsa wankakkiya tas. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da na yi ban rage komai ba. Ya saurara har na gama, sannan ya ɗaga murya ya ce a kawo wa baƙi fura. Na san daga inda furar nan za ta fito. Na buɗe baki zan ce mun ƙoshi, darakta ya girgiza mini kai. In na ƙi sha, na sake gaya wa tsohon cewa na san gidansa babu. Aka kawo ƙwarya cike, mai kauri. Na sha ludayi uku, ban taɓa haɗiye abu mai wuya kamarsa ba.

Ya ce, "Malama, ke da kika san kan abin nan, ana iya cire shi?"

Na ce, "Baba, na wayata zan goge yanzu a gabanku. Na sauran mutane ba ni da iko a kai."

Na goge yana kallo. Ya ce, "Saura nawa?"

Na ce ban sani ba, kuma babu wanda ya sani. Ya jinjina kai. Ya ce shi bai taɓa dukan Rakiya ba a kan wannan, tausayinsa ne ya sa ta hau, kuma ba shi ya hana ta lakwal ba. In ta yarda ta koma, ga hanya.

Na same ta a bayan ɗaki, zaune kan turmi. Na ce, "'Yata, ki yafe mini. Ni ce na yi rashin wayo, ba ke ba." Na roƙe ta ta koma aji, na ce zan tsaya gaban yara in faɗi haka. Ba ta yi kuka ba, ni ce nake yi. Ta ce, "Madam, to in ba a nuna ba, ta yaya za a san muna jin yunwa?"

Na yi 'yan kame-kame a kan zuwa wajen mai gari da meri, wato ofishin ƙaramar hukuma, ni kaina na ji maganar ba ta da nauyi. Na koma ajin na ba da haƙuri a gaban kowa, amma ita ba ta biyo ni ba.

Bayan la'asar muka kamo hanya. Direba ma ya bar ramukan suka huta da zagi. Muka shigo Zinder ana kiran magariba, na wuce gida ban tsaya ko'ina ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, ina faɗa wa iyaye da malamai irina. Yaran nan ba wauta ke jefa su hannun 'yan damfara ba, sau da yawa son taimakon gida ne, kuma masu cutar sun san haka sarai. In za ku gargaɗe su, ku gaya musu wajen wa za su je in gida ya yi tsanani, kada ku tsaya ga hani kawai. Na biyu ya fi ciwo. Ina yawo ina ce wa yara kada su tura abin da ba nasu ba, alhali ni na ɗauki asirin wani dattijo na kai shi makaranta shida da hannuna, ban taɓa tambayar kaina 'yar wa ce mai muryar ba. Wanda ya ɗora kiɗan ya cuce ta daga nesa, ni kuwa na zo har ajinta.

Mako biyu ke nan da dawowarmu. Jiya na kira darakta, sai da ya hau tudu kafin ya sami rezo, layin waya ya kama. Ya ce Rakiya ba ta dawo ba. Ya ce kowace safiya yana kiran sunanta tare da na sauran, ya ɗan jira kaɗan, sannan ya wuce na gaba.