Faifan da Ba a Rufe Ba

Kwanan baya na bi ta wata gonar gero a hanyar Anka, sai na ga an rataye tsofaffin faya-fayan sidi a jikin kara don korar tsuntsaye. Iska na juya su, rana na dukan su, suna walƙiya. Direbanmu ya yi dariya ya ce aikin da ya rage musu ke nan. Ni kuwa ban ga abin dariya ba. Kai da ka taso da waya a hannu ba za ka gane ba, amma akwai lokacin da gidanmu kaf ya rataya a kan irin wannan ɗan faifan.

Babana ɗan cin rani ne. Da an gama girbi sai ya nufi kurmi, kuma da yake bai damu da rubutu ba, saƙonsa a kaset yake zuwa. Kaset na ƙarshe ya iso mana Bukkuyum da farkon damina. Shi kuwa ya taho a bayansa lokacin da gulbi ya cika ya batse, jirgin fiton da ya shiga ya kife, aka tsamo wasu, shi ba a gan shi ba. An bi gaɓa har wajen Gummi ana dubawa, ko hularsa ba a samu ba.

Kakata, wadda ta haife shi, ta ce ba ta ga gawa ba, saboda haka ba wanda zai shimfiɗa mata tabarmar makoki. Wanda duk ya shigo da gaisuwa sai ta tambaye shi, "Wa ya mutu?" Shi ne ɗanta na fari, kuma ka san tsofaffinmu da kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa nuna ya dame ta ba, "wancan" take ce masa. Amma kullum da hantsi, in mata sun shiga daka, sai ta jawo rediyonta ta danna kaset ɗin, ta juya masa baya tana tsintar wake kamar ba da ita ake ba. Ni da nake 'yar firamare na haddace shi tas. Ya gaida kowa, ya ce a faɗa mini in bar hawan katanga, sannan ya ce, "Inna, ina nan tahe kahin a yanke gero."

Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, kaset ya fara gajiya. Muryar Baba ta soma ja tana lanƙwasa, wani wurin ta yi kauri kamar ta tsoho. Rediyo ya taɓa tauna zaren, aka zaro shi da tsinke, aka liƙe da jan farce. Kowa a gidan ya san in ya sake tsinkewa shi ke nan, kuma ba mu da wata muryar tasa a duniya sai ita.

A lokacin ne Baffana, ƙanen Baba, ya buɗe ɗan shago kusa da kasuwa da wata kwamfuta ta gwanjo, yana buga wa mutane takardu yana zuba musu wa'azi a sidi. Baffa mutum ne mai kirki, amma Allah ya yi masa rawar kai. Ya shigo gida da murnarsa ya ce, "Inna, ba ni kaset ɗin nan in yi mai bonin."

"Mi ne ne bonin?"

"Turanci na. Ƙonawa ke nan. In ƙona muryatai cikin faifai."

Wallahi har yau ina ganin yadda ta ajiye faifan waken da take tsinta a hankali. Ta ce, "Mutum da ranai za ka sa ma wuta?" Baffa ya yi ta rantse-rantse cewa ba wutar gaske ba ce, wani ɗan haske ne kawai, ita ko kallonsa ba ta yi ba. Sai da mahaifiyata ta yi kwanaki tana lallashi, aka daina faɗin ƙonawa aka koma cewa ɗauka, sannan ta yarda. Sharaɗinta ɗaya, ni zan kai kaset ɗin in zauna a kansa in dawo da shi, don ta ce Baffa ko takalminsa mantawa yake a masallaci.

Shagon ɗaki ne ƙarami mai rufin kwano, yana warin fetur da roba mai zafi. Baffa ya haɗa waya daga rediyo zuwa kwamfuta, muryar ta shige ciki lafiya lau. Sai ya sa sabon faifai, wani koren layi ya fara tafiya a fuskar kwamfutar. Ya wuce rabi, muna murna, sai ya tsaya cak. Na'urar ta yi gurnani, ta turo faifan waje da zafinsa. Baffa ya ce, "Af, wanga ya lalace," ya sa wani. Shi ma a nan ya tsaya.

Babu abin da bawan Allah nan bai gwada ba. Ya ce laifin faya-fayan arha ne, ya aika aka sayo masu tsada daga Gusau. Ya naɗe auduga a tsinke ya goge idon na'urar. Ya ce janareto ne ke rawa, ya kashe fanka da ƙwan fitila, muka zauna muna gumi. Ya rage gudun ɗaukar har layin ya koma jan ciki. Ya sa ni ina yi wa kwamfuta fifita da mafici, ni da ko Kaka ban cika yi wa ba. Duk a banza. Wa'azin mutane kuwa yana shiga sumul, na Baba ne kaɗai ke tsayawa, kuma kullum a wuri ɗaya.

Wata rana da azahar, kasuwa ta yi tsit, Baffa ya ce bari ya ji mene ne a daidai wurin. Ya ja muryar zuwa inda layin ke tsayawa ya danna. Sai muka ji Baba ya ce, "Inna, ina nan tahe," daga nan sai shuuu. Baffa ya zare hannunsa daga kan tebur. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, tsoron mahaifina. Muka rufe shagon da rana tsaka, muka koma gida.

Faya-fayan da suka lalace kuwa Kaka ta hana a zubar. Takan ɗaga ɗaya ta karkata shi ga haske, ta ga inda launin ya sauya ya yi zobe ya tsaya, ta ce, "Ga sawunai nan, nan ya kai." Sai ta naɗe shi a tsumma ta sa cikin kwallarta. Sun taru da yawa a ciki, kowanne da rabin maganarsa.

Akwai wani mai gyaran rediyo da kwamfuta da ke zuwa daga Gummi ranar kasuwa, mutum mai surutu da cin gyaɗa. Ya duba ya ce cikin kwamfutar ne ke da miki a daidai inda muryar ta zauna, sai an sake ɗauko ta daga kaset an ajiye a wani gefen. Wato sai an sake kunna kaset ɗin nan da ke rataye da jan farce. Baffa ya dube ni, na dube shi. Ya yi bismilla ya danna. Na runtse ido ina jin zaren yana ƙara, Baba ya gaida kowa, ya hana ni hawan katanga, ya wuce yankan gero, ya yi sallama. Yana rufe baki sai ƙas, zaren ya tsinke ya naɗe a cikin rediyo. Wannan karon ba gyara.

Aka sa faifai, koren layin ya tafi, ya zo wurin nan ya ɗan yi jim, ya wuce har ƙarshe. A kwamfuta ya yi magana tar. Baffa ya sungumi rediyonsa mai cin sidi, muka ruga gida, mata suka bar turmi suka taru a ƙofar ɗakin Kaka.

Faifan ya fara juyawa. Ya yi sauri, ya lafa, ya sake yunƙurowa, ya sake lafawa, da wata 'yar ƙara kamar mai jan numfashi da ƙyar. Murya ba ta fito ba. Wasu haruffa suka bayyana a fuskar rediyon, aka ce Baffa ya karanta, ya ce da ƙaramar murya, "Wai ba kowa ciki." Aka cire aka goge da gefen zane aka mayar, haka ya sake yi. Kaji ma na ga kamar sun daina tono. Wata maƙwabciyarmu ta ja ɗanta ta fice tana salati. Kaka ta daɗe tana sauraron yunƙurin nan, sannan ta ce, "So shikai ya hito." Ta ɗauki mayafinta, ita da ba ta taɓa taka kasuwa ba a sanina, ta ce mu kai ta shagon Baffa.

Mun tarar da mutumin Gummi yana ɗaure kayansa a babur. Bai san tarihin gidanmu ba, bai san ko muryar wa ce ba. Ya karɓi faifan ya sa a kwamfuta, ya watsa gyaɗa a baki ya ce, "Haba, ai ba a ruhe shi ba. Wanda ba a ruhe ba ba shi magana, sai dai shi yi ta juyi."

Ka san a wurinmu in an kai mutum makwancinsa, cewa ake an rufe shi. Baffa ya sunkuyar da kai. Ni na kama gefen zanen Kaka.

Ta ce, "In anka ruhe shi fa?"

"Sai shi yi magana ko'ina, Inna. Amma daga nan ba a ƙara komi kanai har abada. Ga shi ko da sauran wuri."

Ta matso kusa da kwamfutar. Sannan ta tambaya ko sauran wurin zai ɗauki maganar tsohuwa. Aka miƙo mata abin magana, ta riƙe shi da hannu biyu. Sai ta kira sunan Baba. Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, sai da na waiga in ga ko wani ne ya shigo. Ta ce, "An yanke gero, an kai rumbu. Ɗiyarka ta girma, ta bar hawan katanga. Na yahe ma. Kwanta haka nan." Ta miƙa abin, ta dubi mutumin Gummi ta ce, "Ruhe shi."

Da muka koma gida faifan ya yi magana daga sawar farko. Ta saurare shi wannan karon tana fuskantar rediyon. Da ya ƙare ta ce Allah ya jiƙansa, ta ce a fito da tabarmi a sanar da mutane. A ranar na fara ganin hawayenta, kuma a ranar ni ma na san na zama marainiya.

Kaka ta daɗe da rasuwa. Shagon Baffa ya koma wurin cajin waya, na'urar cin sidi ma sai ka sha yawo kafin ka samu mai aiki. Kafin faifan ya fara ɓarewa na sa an kwashe abin da ke ciki zuwa wayata. Yanzu yara sai su aika murya da safe su goge ta da rana, ba wanda ke fifita a kan komai. Ni kam ban cika kunna tawa ba, don har yanzu tana ba ni tsoro. Amma rannan ƙaramar ɗiyata tana wasa da wayar ta danno ta. Ta ji namiji ya ce yana nan tafe, ta ji tsohuwa ta amsa masa, ba ta san akwai shekaru da gulbi tsakanin maganganun biyu ba. Ta ɗago kai ta ce, "Mama, su waɗannan a ina suke zaune?"

Na ce, "Wuri ɗaya, in Allah ya yarda."