Kwana Goma Sha Biyu Ana Ce Mini Kana Wajen Amya

Ranar Talata 9 ga Afrilu mahaifina Stoimen Karajov ya rasu a ƙauyenmu na gefen garin Troyan. Washegari aka binne shi. Ni 'yarsa ban ji ba sai ranar 21 ga wata.

Baba, fushi nake da kai, kuma ba zan ɓoye ba.

Kai ka matsa mini na karɓi zaman binciken nan na wata goma a birnin Uppsala, can ƙasar waje. Da na ce yara za su wahala, ka ce, "Ke dai matsoraciya ce tun kina ƙarama. Kwashe su ki tafi, su ga duniya." Ka kwana uku kana koya wa jikokinka Rada da Boyan yadda za su gaida baƙi. Ka cusa mana zuma kwalba huɗu har akwati ya ƙi rufuwa. Ranar tafiya kai da kanka ka watsa ruwa a bakin ƙofa, don tafiyarmu ta gudana kamar ruwa. Ashe a lokacin takardar likita tana aljihunka.

Ka sa Mama da yayana Lachezar suka rantse a gaban kyandir cewa ba za a tayar mini da hankali ba sai na gama. Suka riƙe rantsuwar har bayan ranka. Duk sanda na kira, sai Lachezar ya ce, "Yana wajen amya, kin san tsohon naki da ƙudan zumansa." Sau biyar ya faɗa mini haka kana cikin kabari.

Rada ce ta gano. Maƙwabciyarmu ta ƙauye ta turo hoton furannin gidanta, ƙofarmu ta fito a gefe, da takardar sanarwar rasuwa manne a jiki. Yarinyar da ta fara haɗa baƙi bana ta karanta mini sunanka, ta ce, "Mama, me ya sa aka liƙa Kaka a ƙofa?"

Haka muke a ƙasarmu. Wanda ya tafi waje sai a mayar da shi ƙwai, a yi ta lallaɓa shi da ƙarya, a kira abin ƙauna. Wace lacca ce ta fi in riƙe hannunka? Wa ya tambaye ni? Haƙorin Rada da ya faɗi tun Janairu yana nan cikin kwalin ashana, tana jiran ka ɗaga ta ta jefa shi kan rufin gida kamar yadda ka yi mata alkawari.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yafe maka har da wannan, ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi. Mama, Allah ya ba ki haƙuri. Lachezar, kai ma ina maka ta'aziyya, amma gaisuwa sai nan gaba.

Za mu zo addu'ar arba'in. Ranar da za mu koma Uppsala, kada wanda ya watsa mana ruwa.