Jirgin Sammani Mai Rediyo

Ranar da nake son ba da labarinta, hadari ya haɗo daga gabas tun da hantsi, ya yi baƙi ƙirin, bai sauka ba sai bayan azahar. Da ya sauka kuwa, indararo ya kasa ɗauka, ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙofofi ya shigo mana shaguna. Damina ce ta farko bayan soja sun miƙa mulki.

Ni tela ne a Ƙofar Guga, bango ɗaya ya raba shagona da na Malam Sammani mai gyaran rediyo. A shekarar nan aiki ya yi masa yawa, don kowa na son jin abin da farar hula za su ce, har rediyon da ta mutu tun tuni sai an kakkaɓo ta an kawo. Amma hankalinsa yana kan wani ƙaramin jirgin sama. Alhaji Siddiq, wani ɗan kasuwa, shi ya sayo wa ɗansa daga Jidda, guntu-guntu cikin kwali, da ɗan inji da rimot mai eriya. Aka rasa mai haɗawa har ɗan ya yi aure. Sai Alhaji ya ce, “Malam Sammani, ɗauki, kai ne mai haƙurin irin wanga abu.”

Abin da mutane ba su sani ba, likita ya riga ya gaya wa Sammani cewa jijiyar idonsa ce ke mutuwa, magani sai dai ya jinkirta. Ni Sammani ya gaya wa, yana goge tabarau. Ya ce, “Malam Almu, ba na roƙon da yawa. In ga abin nan a sama da idona kafin fitila ta mutu.”

Ya haɗa shi a ƙasa, kan daɓen shagonsa, ya manna fukafukan da gam, ya danne su da tsofaffin batura har suka bushe. Muka kai shi fili bayan ganuwa. Ya tashi kam, amma yana barin ƙasa ya karkata hagu, ya yi ta karkata har ya kifa cikin gonar gero. Aka gyara aka koma, ya sake yin hagu. Kowace faɗuwa sai farfelar gabansa ta karye, har ɗaya ta rage a kwalin.

Dabo mai shayi, wanda teburinsa ke gabanmu, ya sami abin faɗa.

“Malam, jirgin nan naka ɗan adawa ne. Kowa ya yi dama, shi ya yi hagu. Ka kai shi majalisa mana!”

“Shayinka ma ai hagu yake yi a cikin mutane, ba mu fasa sha ba,” in ji Sammani.

Ya duba injin, ya duba wayoyi, ya canza batir, bai sami laifi ba. Fiffiken kuwa in ka kalle shi lafiya lau yake, balle ga mai idon da ya fara dushewa. Ya kai ga in zai kama ƙaramin sukurun rediyo sai ya lalubo.

To, ranar ruwan nan, na gama kwashe ruwan shagona na leƙa in taya shi. Na tarar da shi tsaye da tsintsiya a hannu, ba ya shara. Ruwan duk ya gangara waje, sai wuri ɗaya da ya kwanta kamar a faranti, daidai inda ya yi shekara da shekaru yana shimfiɗa buzunsa yana zama. Zaman ya cinye daɓen, ya yi ɗan kwari. Nan ne kuma ya kwantar da fiffiken hagu ranar da ya manna shi.

“Mi ya faru, Malam?”

“Ba jirgin ba ne,” ya ce. “Ɗuwawuna ne suka murɗe shi.”

Dabo ya yi dariya har ya zubar da madara.

Washegari Sammani ya shiga gida ya roƙi mai ɗakinsa, Ummusalma, madubin jikin kwabarta, don bai san wani abu da ya fi gilashi miƙewa ba. Ta ce in ya fashe, shi da jirgin su nemi wurin kwana. Ya kwantar da fiffiken a kan madubin, ya bi gefensa da yatsa. Gefe guda ya zauna, ɗayan ya ɗaga har katin wasa na iya shigewa. Ya ɗauka ya kai bakin butar Dabo, ya riƙe cikin tururi yana murɗawa a hankali har katakon ya yi laushi, ya mayar kan madubi ya danne. Haka ya yi ta yi, kwana da kwanaki, Dabo na mitar ana shanye masa tururi kyauta.

Da ya zo ɗora fukafukan a jikin jirgin, zare ya karɓa a wurina. Ya ɗaure shi a tsakiyar wutsiya, ya ja zuwa ƙarshen fiffiken dama ya yi ƙulli, sa'an nan ya juya da shi hagu. Ƙullin ya wuce da kaɗan. Ya gusa, ya sake ja, ya sake gusawa, har ƙullin ya faɗa wuri ɗaya ta kowane ɓangare. Da farcensa ya ji duk wannan, ido bai taya shi ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka koma filin, har da Dabo da ya bar teburinsa. Jirgin ya ruga, ya ɗaga, ya miƙe ɗoɗar. Mutane suka yi ta ihun ya ƙara sama. Sammani ya ƙi. Ya riƙe shi ƙasa-ƙasa, tsayin bishiyar darbejiya, yana zagaya mu, don iya nan idonsa ke kaiwa. Ya bi shi da kai har man ya kusa ƙarewa, ya sauke shi lafiya.

Dabo ya ce, “To, ɗan adawa ya shigo gwamnati.”

Sammani ya cire tabarau yana gogewa.

Yanzu idon ya tafi gaba ɗaya. Yana nan a gidansa na Ƙofar Guga, yakan zauna a zaure da rediyo a gefensa, jirgin kuma yana rataye a sama da shi.