Hannu Mai Nauyi

A shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa, har mu 'yan ƙaramin asibitin Wudil mun gani a ƙasa. Aka kawo mana firji mai aiki da kananzir da sabuwar mota mai shiga yashi, aka ce duk Talata mu bi ƙauyuka da allurar rigakafin ƙyanda. Kafin nan a motar 'yan kasuwa nake zuwa, in sauka bakin titi in ƙarasa da ƙafa, akwatin magani a kaina kamar mai tallan fura. Shekara shida ina haka ni kaɗai. Da wuya a sami gidan da ban sha ruwan randarsa ba a ƙauyukan bayan Ɗankaza.

Tare da motar aka turo mana sabuwar ma'aikaciya, fitowarta ke nan daga makarantar koyon jinya. Yaya take ce mini, kuma har ƙasa take gaishe ni. Ni na koya mata yadda ake jera kwalaben magani cikin ƙanƙara don su kai azahar ba su lalace ba. Na nemi laifinta iya nemana, ban samu ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

In mun isa ƙauye, ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gidan dagaci muke ajiye tebur biyu. Tukunya ɗaya muke dafa allurai a kan risho, kwalba ɗaya muke zuƙa. Amma ba a yi wata biyu ba sai na lura layinta ya kai bakin rijiya, nawa kuwa mace uku ko huɗu, su ma baƙi ne da ba su ji labari ba. Wai hannunta da sauƙi, yaro bai cika kuka ba, wurin kuma ba ya kumbura.

Matan da ni na yanke wa 'ya'yansu cibi sai su gaishe ni da fara'a, su tambayi Innata da 'yata, sannan su gyara goyo su wuce bayana su shiga layinta. Na taɓa kiran wata na ce, "Zo nan, babu kowa." Ta ce, "Malama, ai ina jiran maƙwabciyata ne." Maƙwabciyar tana gabanta a layin.

Kishi na ji, ba wani abu ba, irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci. A mota in muna komowa, ita da ƙwai da kuɓewar da aka cusa mata a jaka, sai ta raba biyu ta miƙo mini. In karɓa in yi godiya, zuciyata kamar ta fashe. A gida ma ba ni da zance sai nata. Inna, wadda ke zaune da ni a Sabon Gari tana riƙe mini 'yata in na fita, takan saurara tana tsince shinkafa.

Lokacin 'yar tawa ta isa rigakafi. Inna ta yi ta tuna mini, ina cewa da hannuna zan yi mata, a bari in sami sarari.

Ran nan na shiga ofishin babban malaminmu na ce, "Ranka ya daɗe, ranar Talata asibiti na zama babu mace, matan gari suna ƙorafi. A bar ƙanwata, sabuwar ma'aikaciya, a nan, ni na saba da ƙauye." Ko mace ɗaya ba ta yi mini ƙorafi ba. Ya yaba da tunanina, ya amince. So nake in gani, in babu zaɓi, ina za su.

Talata ta zo, na ajiye tebur ɗaya a gindin tsamiya, na ɗora tukunya. Mata suka fito kamar kullum, suna leƙa cikin mota. Wata tsohuwa ta matso ta gaishe ni har gajiyar hanya, sannan ta ce, "Yau ƙaramar Malama ba ta jin daɗi ne?" Na ce lafiyarta ƙalau, aiki ya riƙe ta. Ta ce Allah ya taimaka. Daga nan wannan ta tuna ta bar tuwo a wuta, waccan akuyarta ta ɓalle. Kafin hantsi ya dubi ludayi, wurin ya watse. Yara kaɗan na yi wa, ƙanƙara ta narke, na komo da ragowar maganin da sai zubarwa.

Na shiga gida na tarar da 'yata tana wasa da murfin kwano, ɗan audugar asibiti manne a damtsenta. A kan akwatin Inna ga katin rigakafi, da rubutun da na sani sarai, ƙanana, a jere, mai tsabta. Ni na ajiye ƙaramar Malama a gari da dabarata, Inna kuwa ta goyi jikarta ta kai mata.

Na ce, "Inna, har ke?"

Ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce, "Aikinki kin iya shi, kowa ya sani. Amma hannunki da nauyi. Tun kina yarinya in kin yi wa ƙannenki kitso sai sun kwana biyu ba su iya juya wuya. Ke in kin kama abu, so kike ki gama."

"Shi ne ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"Wa ke iya faɗa miki magana?"

Washegari na koma wurin babban malami na ce a maido da ƙaramar Malama fita ƙauye, ban kuma faɗi dalili ba. Muka ci gaba da ajiye tebur biyu har aka yi mata canjin wurin aiki. Na riƙa satar kallon hannunta ko zan gane abin da take yi, ban ga komai ba, allura ce dai take sokawa kamar kowa. Layina ya ɗan ƙaru bayan tafiyarta, amma na san dalili. Har yau in na tuna ta sai na ji abin ya taso mini, ba ta kuwa taɓa yi mini komai ba sai alheri.

Da 'yata ta yi gashin kitso, wata Juma'a na zaunar da ita tsakanin ƙafafuna na ɗauki mataji. Ban ko taɓa kanta ba ta ƙanƙame wuya, ta runtse ido tana jira. Na daɗe da matajin a hannu, sannan na kira Inna na ce ta zo ta yi mata.