Takun Don Evaristo

Fulgencio bai taɓa fitowa a fim ba, ko da yake a wurin yin fim ya tsufa. Aikinsa tsayuwa ce. Allah ya yi shi tsayi ɗaya, faɗin kafaɗa ɗaya da Don Evaristo, ɗan wasan barkwancin nan da ya daɗe yana ba Madrid dariya. Kafin a ɗauki hoto, Fulgencio ne ke tsayawa inda aka ja alli, a yi ta gyara fitilu a kansa har gumi ya jiƙa shi. In an gama sai maigidan ya fito yana goge kofi a gashin baki, ya ce, "Matsa, inuwata." Fulgencio ya matsa.

Da la'asar yakan koma gida, hawa na huɗu a unguwar Lavapiés. Matarsa Casilda ta daɗe da rasa gani, amma tun daga ƙasan bene take gane takunsa. Kafin ya iso ta zare sakata, miyar wake na kan wuta.

Don Evaristo ya mutu bayan wani fim da ya yi kasuwa, labarin darakta da ya kasa gama fim ɗinsa. Masu shi suka nace sai an yi kashi na biyu. Sabuwar daraktar, Maite, ta kira Fulgencio.

"Kawu, bayanka kawai muke so," in ji ta. "Fuskar nan ka bar ta a gida, ba mai nemanta."

"'Yar nan, ai a gidan ma ba mai ganinta."

Aka yi dariya, aka sa masa kwat ɗin mamacin da takalmansa. Don Evaristo yana da wata tafiya, yakan ɗan ja ƙafar hagu kamar mai share ƙasa da ita. Fulgencio ya ratsa ɗakin sau ɗaya da irin wannan tafiyar. Ba wanda ya yi dariya. Mai ɗaukar sauti ya cire abin kunnensa a hankali, ya yi alamar gicciye.

Ranar ya hau bene da nasa takalman, ya tarar da ƙofa a rufe. Ya ƙwanƙwasa.

"Wane ne?"

"Wane ne kuma? Tsohuwa, kin fara rikicewa ne?"

"Muryar taka ce," Casilda ta ce daga ciki, ƙasa-ƙasa. "Amma wanda ya hau benen nan yanzu, na je jana'izarsa."

Ya sauka, ya sake hawowa yana lura da ƙafarsa. Ta hagun tana ja. Ya tsaya a tsakiyar matakala yana neman yadda shi kansa yake tafiya, bai samu ba. Shekarunsa duka tafiyar wani ya yi ta kallo, tasa bai taɓa dubawa ba.

Washegari ya mayar wa Maite kwat da takalma. Ta roƙa, ta yi faɗa, ta ce saura kaɗan a gama. Ya ce ta nemi wani bayan. Sai dai ƙafar ba ta dawo ba. Likita ya lanƙwasa ta, ya bubbuga gwiwa, ya ce lafiyarta lau.

Yanzu in ya shigo daga titi, tun daga ƙasa yake fara magana da ƙarfi, hirar ƙwallo, hirar ruwan sama, duk abin da ya zo bakinsa, don muryar ta rufe takun. Maƙwabta na cewa tsufa ne. Casilda takan buɗe ƙofar kaɗan, ta miƙo hannu ta shafa fuskarsa.

"Kai shigo. Shi ya jira a waje."

Ya shiga, ta yi maza ta sa sakata. Ta kama hannunsa ta kai shi kujerar bakin taga, ta kawo masa miya har nan. Ko gishiri yake so ba ta bari ya tashi, kada ta ji takun a cikin gida.