Hammatar da ban ɗinke ba

Shekarar da fari ya kwashe shanun Kurfai na dawo Filinge da lisans ɗina, wato digirin farko, burina guda: gurbin ƙarin karatu a ƙasar waje kan tsara tufafin wasan kwaikwayo. Gurbi ɗaya ne tak. Aka ce duk mai nema ya kai riga Yamai, ɗinkin hannunsa, alƙalai su duba.

Na zaɓi rigar bori irin wadda goggona ke sawa in aljaninta ya hau ta, baƙin saƙi mai jan baki da farin wuri a wuya. A ɓoye nake ɗinkin, don na san halinta. Saura kwana biyu in hau mota, goggo ta kama ni.

Ta juya rigar, ta bi wurin da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗiyata, wa ya ce ki cika ta? Rigag ga in ta cika, ta mai ita ce, ba taki ba. Bana ko ɗigon ruwa babu, sannan ki kai rigatai birni a yi wasa da ita? Ba ta hita gidan ga."

Na yi gardama, na yi kuka, har na kawo mata Faransanci, abin da bai taɓa motsa goggo ba. Sai bayan la'asar ta ce in miƙo reza. Ta farke hammata taƙi guda, ta tsinke wuri ɗaya ta ƙulle a bakin zanenta.

"Yanzu tsumma ce, tahi da ita. Amma in kin maida zare nan, ba ni ba ke."

A Yamai, ina jiran a kira ni, allura da baƙin zare suna cikin jakata. Sau biyu na fito da su. Aikin minti biyar ne, kuma ba mai gani. Na mayar.

Babban alƙalin ya zura yatsunsa cikin ɓarakar ya dube ni.

"Ba ki gama ba?"

Na ce na gama, na gaya masa dalili. Ya yi rubutu.

Bayan wata biyu takarda ta zo: aikin bai kammala ba, an ba wani gurbin. Na karanta wa goggo da ƙarfi, don ta ji zafin da nake ji. Ta kwance bakin zanenta ta ɗora mini wurin a tafin hannu.

"Ga shi. In kina so, ki cika ta yanzu."

Na fi shekara ina jin haushinta. Rigar tana cikin akwatina, har yau hammatar a buɗe take.