Gawar da Maƙwabta Ba Su Ɗauka Ba

Shekara huɗu na yi ina tuƙa wani dattijon likita ɗan ƙasar Ayalan, daga gidansa a unguwar Badi'a zuwa asibiti. Shi mutum ne mai shiru, ni kuwa bakina ba ya hutawa. A cunkoson Riyadh na riƙa tatsar labarinsa har na san gidansu kamar na taɓa kwana a ciki.

Kakanninsa daga Ingila suka je Ayalan. Masu mulki suka ƙwace ƙasar wani ƙauye suka ba su, manoma suka koma 'yan haya a gonakin iyayensu. Da cuta ta kashe dankalin da suke ci, yunwa ta zo, kakan kakansa ya kori iyalai, ya sa aka kware rufin ɗakunansu don kada su dawo. Yanzu gonakin sun tafi, saura ƙaton gida mai yoyo da tsohuwar uwarsa a ciki.

Na ce, "Haba Likita, shekara wajen ɗari uku? Ai kun zama 'yan gari."

Ya ce, "Kai shekararka nawa a nan?"

"Sha tara."

"Ka zama ɗan gari?"

Na taɓa aljihun da iƙamata take, wato takardar izinin zaman baƙo, na mai da ido kan hanya.

Burinsa ɗaya ne, ya ajiye aiki ya koma gidan nan ya ƙarasa kwanansa. Ya ce al'adar ƙauyen ita ce maƙwabta ke haƙa kabari, su ke ɗaukar gawa a kafaɗa, ko da ba a ga maciji da mamacin. Da uwar ta rasu, ina kai shi filin jirgi ya ce, "In suka fito suka ɗauke ta, kayana kawai zan dawo kwashewa."

Bayan kwana goma na ɗauko shi. Na kai shi gida, ya shige shi kaɗai. Amma mu ba ma barin mai rashi shi kaɗai. Bayan sallar Juma'a na tara 'yan uwana direbobi, mu takwas, muka sayi dabino a kasuwar Aziziya muka je masa ta'aziyya. A zatona alheri na yi.

Muka zazzauna a kafet, kowa ya ce Allah ya ba da haƙuri. Sai na ga yana ƙirga mu da ido.

Ya ce, "Kun fi waɗanda suka zo jana'izarta yawa."

Ashe ma'aikata aka ɗauko daga birni suka ɗauki gawar. Mutanen ƙauyen sun tsaya a ƙofofinsu, sun cire huluna, amma ba wanda ya tako. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ji haushinsu, sai na tuna rufin da aka kware, na rasa wanda zan ga laifinsa. Dabinon ma ba wanda ya taɓa.

Ranar Lahadi da safe ya shigo mota da fasfo a hannu.

Ya ce, "Mu biya ofis tukuna. Za a sabunta mini iƙama."